Yawon Buɗe Ido da Ƙaramin Guzuri: Abin da Ɗan Gezawa Zai Gani a Tsohon Birnin Kano

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya saba da irin hotunan nan: matashi ya goya jaka, ya tsaya gaban wani tsohon gini a Rum ko Faris ko Benis, yana bayanin yadda ya zaga garin da kuɗi kaɗan. Hotunan suna isa har majalisun samari a Gezawa da Jogana da Babawa, waya na yawo daga hannu zuwa hannu, a ƙarshe wani ya ce, "Allah Ya kai mu." Addu'a ce mai kyau, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma kafin a kai ga maganar biza, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa: me ya sa tafiyar ke yi wa waɗannan mutane araha, me suke zuwa gani, kuma me muke da shi irin wannan a kusa da mu?

Ra'ayina shi ne, yawon buɗe ido mai araha na mutumin Gezawa yana nan cikin ganuwar Kano, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba. Kuma wayar da ke aljihunsa tana da aikin da ya fi na nuna wa abokai inda ya je, domin abin da zai ɗauka yana zaizayewa kowace damina.

Daga ina arahar Turai ta fito?

Kowace tafiya abu huɗu ke cin kuɗinta: kuɗin mota, masauki, abinci, da kuɗin shiga wuraren kallo. Ɗalibin Jamus da ke son ganin Italiya ya sami sauƙi a dukansu. Ba ya neman biza, domin ƙasashen yankin Shengen sun ɗage shingen kan iyaka a tsakaninsu. Akwai jiragen sama masu rahusa irin su Ryanair, ga jiragen ƙasa da bas-bas na dare. Yana kwana a masaukin haɗaka inda baƙi da yawa ke raba ɗaki ɗaya, ya sayi burodi da cuku a kanti ya ci a bakin titi. Babban abin kallon kuwa, wato tsohon garin kansa, da ƙafa ake zaga shi, galibi ba a biyan ko sisi. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan kyauta ake shiga, gidajen tarihin gwamnatin Italiya ma suna buɗewa kyauta ranar Lahadin farko ta kowane wata.

Ɗan Najeriya kuwa tun daga ƙofa lissafin ke canja masa. Kuɗin neman bizar Shengen ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ko an hana shi ba a mayar masa da kuɗinsa. Sai ya nuna takardar banki, da inshora, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Darajar Naira kuma ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta ga kasuwa a 2023. Abin da Bature ke kira tafiyar talaka, a wurin manomin Tumbau ya fi ƙarfin amfanin gonar shekara.

Darasin a fili yake. Arahar da muke gani a hotunan nan araha ce ta maƙwabtaka: mutum ne ya je kallon abin da ke kusa da shi. In za mu kwaikwaye su, to a nan ya kamata mu fara.

Me suke zuwa gani, mu kuma me muke da shi?

Masu zuwa Rum suna zuwa ne su ga katafaren filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya. Masu zuwa Sifaniya suna neman masallacin Ƙurɗuba da aka fara a wajen 785, da fadar Alhamra ta Garanada, gadon Musulmin Andalus. Abu biyu ne suka haɗu a kowane wuri: tsohon gini da aka hana shi rushewa, da labarin da aka tsara aka ajiye a gefensa.

Kano ba ta rasa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano da aka rubuta ya sa zuwan Bagauda a 999, ya kuma ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. A bisa wannan lissafi, an soma ganuwar Kano kafin a aza harsashin cocin Notre-Dame na Faris a 1163. Wangarawa sun iso da littattafansu a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka a birnin.

Turawan da suka fara zuwa ma kallo ne ya fara cika musu ido. Hugh Clapperton ya iso a 1824. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo a watan Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Ya ƙiyasta mazauna da kimanin 30,000, adadin da ke ninkawa a lokacin fatauci, ya kuma bayyana yadda tufar Kano ke kaiwa Timbuktu da Gat da Tarabulus. Bayan sojojin Ingila sun ci birnin ranar 3 ga Fabrairun 1903, Gwamna Lugga ya ba da rahoton cewa kewayen ganuwar ya kai mil 11, tsayinta kuma ƙafa 30 zuwa 50. Tun 2007 ganuwar da wuraren da ke tattare da ita suna cikin jerin jiran gado na hukumar UNESCO, a watan Disambar 2024 kuma hukumar ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Wanda ke da wannan a bakin ƙofarsa bai kamata ya ce ba shi da abin kallo ba.

Yini guda a cikin birni

Wanda ya bar Gezawa bayan sallar asuba, ya bi ta Jogana da Gunduwawa da Tokarawa, zai sauka 'Yankaba rana ba ta yi zafi ba. Daga nan bas ko a-daidaita-sahu za ta kai shi gindin Dala. Ba ya bukatar masauki, domin kafin isha'i yana gida. In samari ne ko 'yan makaranta, sai a yi karo-karo a ɗauki shatar mota, kuɗin ya ƙara raguwa. Guzuri kuwa, gorar ruwa da ƙuli-ƙuli da ɗan dabino sun isa, a ƙara da gurasar Jakara in an shiga gari.

Da Dala ya kamata a fara, tun da sanyin safiya. Daga samansa ne birnin ke shimfiɗuwa gaban mutum: Goron Dutse ta yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci, rufin gidaje ba iyaka. A nan malami zai tsaya ya ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura, su ga da idonsu dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wannan wuri.

In an sauko sai a nufi Kurmi ta lungunan tsofaffin unguwanni, da ƙafa, ba gaggawa. Lungun shi ne abin kallon: zaure mai zane a goshinsa, zankwaye a kan soro, ƙyauren da aka yi wa ado da ƙusoshi, allunan yara jingine da bango. A Kurmi a nemi layin dukawa da na masu kayan doki, inda ake ɗinka sirdi da linzami da kayan hawa, da na 'yan littattafai da 'yan turare. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa da ayari ke tsallaka Sahara da ita, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan kasuwar can take isa gare su.

Daga Kurmi sai Babban Masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a yi azahar a huta. Kusa da shi ga Gidan Rumfa. Fada gidan sarki ce mai rai, ba a kutsa kai sai da izini, amma Ƙofar Kudu da filin gabanta sun ishi mai kallo. A tsallaken ta akwai Gidan Makama, wanda ya zama gidan tarihi. Nan ne wurin da ya fi cancantar a biya ɗan kuɗin shiga, a kuma saurari ma'aikacin da zai zaga da baƙi. A ɗaga kai a dubi rufin ɗakunan: bakan gizo da daurin guga, azara a jere, duk aikin magina ne da ba su yi amfani da siminti ko rodi ba. Ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, ga kayan yaƙi, ga hotunan Kano ta jiya.

Da la'asar a gangara karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498. A tsaya a ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, a bar shi kwanaki ya nuna, da yadda marini ke tsoma zane yana ɗagawa iska ta buge shi har launin ya kama, da masu bugu da ke sa shi ƙyalli. Ramuka da yawa sun daina aiki, kuma duk wanda ya sayi ko da ɗan ƙyalle ya taimaka wa waɗanda suka rage. A rufe yinin da bin sauran ganuwa a tsakanin Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, lokacin da rana ta yi sanyi. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909, da Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja, sai a bar su zuwa wata fitar.

Ƙauye ma tarihi ne

Kada mutumin Gezawa ya shiga birni yana ganin kansa baƙo a wannan labari. Birnin bai taɓa ciyar da kansa ba. Gero da dawa da wake da itacen girki daga karkarar da ke kewaye da shi suke shiga, jakuna kuma su koma da takin birni zuwa gonaki. Da wannan musaya ce aka yi ɗaruruwan shekaru ana noma ƙasa ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki, kuma Tumbau ta ƙasar Gezawa na cikin ƙauyukan da ya yi bincike a kansu. Tufar da Barth ya yaba, a gidajen karkara ake kaɗa zarenta, masaƙa irin na Minjibir su saƙa, marina irin na Kura su rina. Makubar da ake shafe soraye da ita daga kwasfar ɗorawa ake samunta, azara kuma daga giginya. Gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, gumin manoman nan ce, kuma layin dogon Nguru da ya ratsa Jogana shaida ne.

Saboda haka mai kyamara ya waiwayi gida. Rumbun ƙasa, tsohuwar rijiya, zauren dagaci, kukar da ta girmi kowa a gari, maƙera, ranar kasuwa, sussuka da shiƙa a lokacin kaka: bulo da kwano suna maye gurbin wasu, inji yana maye gurbin wasu, kuma ba kowa ke ɗaukar su ba saboda ido ya saba da su.

Yadda za a ɗauki hoto mai kyau, cikin ladabi

Ba sai da babbar kyamara ba, ƙaramar waya ma ta isa in an san haske. Ginin ƙasa ya fi fitowa da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe, zanen bango ya yi inuwa, jan ƙasar ya fito sosai. Da tsakar rana komai fari fat yake fitowa. A lokacin hunturu hazo kan rufe nesa, don haka wanda ke son hoton birni daga Dala gara ya zo a ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya wanke sama. A goge gilashin kyamara kafin a fara. A matsa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa, domin jawowa na ɓata shi. A bar rana a bayan mai ɗauka. In ganuwa ce ko ƙofa, a sa mutum ya tsaya a gindinta don a gane girmanta. A ɗauki ginin gaba ɗaya, sannan a ɗauki ƙananan abubuwansa: dagi, indararo, tubalin da ya bayyana a inda yaɓe ya zube. A cika caji tun daga gida, a rage tarkacen da ke cikin waya.

Ladabi kuwa ya fi duk wannan muhimmanci. Tsohon birni gidan mutane ne. A yi sallama, a gaisa, a ce, "Baba, ko za ka ba ni izini in ɗauki hoton aikin nan?" In ya ƙi, a yi godiya a wuce, domin akwai masu ƙyamar hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma haƙƙinsu ne. Ba a ɗaukar matan mutane, ba a leƙa cikin gida, ba a ɗaukar masu sallah a fuska. Ba a mayar da almajiri ko mabaraci abin nunawa a intanet. A nisanci ɗaukar jami'an tsaro da wuraren aikinsu, a fada kuma a bi abin da dogarai suka ce. Mai sana'ar da ya tsayar da aikinsa saboda baƙo ya cancanci ɗan ihsani. Mai son hawan Daushe ko hawan Nasarawa ya tabbatar za a yi kafin ya taso, tunda an sha dakatar da hawa a wasu shekaru, ya kuma tsaya nesa da ƙafar dawaki.

Hoto shaida ne

Ga dalilin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi. A Yaƙin Duniya na Biyu an ragargaza tsohon birnin Warso na ƙasar Folan. Da aka tashi sake gina shi, cikin abubuwan da magina suka dogara da su har da zane-zanen da Bernardo Bellotto ya yi wa titunan garin a ƙarni na 18. Birnin ya tashi, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Mu ma muna da misali a gida: dalar gyaɗa ta Kano ba ta nan, kuma yaron yau ya san siffarta ne kawai saboda wani ya ɗauki hotonta.

Ginin ƙasa kamar gona yake, shekarar da aka bar shi ba gyara, a shekarar yake fara lalacewa. A da, bayan damina ake fitowa aikin gayya a yi wa ganuwa yaɓe, domin ita ce tsaron kowa, har da na ƙauye da ke gudowa cikinta in yaƙi ya taso. Bayan 1903 wannan amfani ya ƙare, gyaran ma ya tsaya. Ruwa ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, gidaje da shaguna suka hau kan abin da ya saura. Ƙofofi da dama an rushe su an sake su da siminti domin faɗaɗa titi, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Turai ma ta yi irin wannan: a 1857 sarkin Ostiriya ya ba da umarnin rushe ganuwar Biyana aka shimfiɗa titi a gurbinta. Garuruwan da suka riƙe nasu, irin su Karkason ta Faransa, su ne yau ke cin moriyar baƙi.

Don haka hoton da ke da amfani shi ne wanda aka rubuta masa suna da wuri da kwanan wata, da abin da dattijon unguwa ya faɗa a kansa. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ɗauki ɓangaren ganuwa ɗaya kowace shekara, ya tara hujjar da ba mai musanta ta. Kada a bar hotunan a waya kaɗai, waya na ɓata, tana kuma lalacewa. A adana su a imel ko kwamfuta, a wanke mafi kyawu a kan takarda, a ɗora wasu a Wikimedia Commons, inda ake gasar hotunan wuraren tarihi duk shekara, kuma Wikipedia ta Hausa na bukatar su.

Ga masu cewa ba lokacinsa ba ne

Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin mota tun bayan cire tallafin mai a 2023, wa ke da sukunin kallon tsohon bango? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda zai ce a bar cefane a tafi Dala. Sai dai mutanen Gezawa suna shiga birni kullum, don Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ko dubiya a asibiti, ko biki. Ƙara awa biyu a kan tafiyar da aka riga aka biya kuɗinta ba almubazzaranci ba ne. Kuma ɗan kuɗin da baƙo ya kashe, aljihun marini da baduku da mai gurasa da ɗan a-daidaita yake shiga.

Wani kuma zai ji tsoron abin da baƙi ke jawowa. Gaskiya ne Benis ta gaji da cunkoso har ta sa harajin Yuro 5 ga masu shigar yini a wasu ranaku a shekarar 2024, mazauna Barsalona kuma sun yi zanga-zanga a shekarar saboda tsadar haya. Tamu matsalar akasin wannan ce: wurin da 'yan gida ba sa zuwa, ba mai jin zafin rushewarsa, kuma hukuma ba ta kashe kuɗi a kan abin da jama'a ba su tambaya ba. Abin da ake bukata daga hukumomin tarihi na jiha da na tarayya ba mai yawa ba ne: alluna da Hausa da Ajami da Turanci a kowace ƙofa, tsafta, farashin shiga a rubuce da rangwame ga ɗalibai, horar da matasan unguwanni su zama 'yan jagora, da ware kuɗin yaɓe duk shekara a hannun maginan gargajiya tun suna raye.

Kirana ga shugabannin makarantun boko da na Islamiyya a ƙaramar hukumar Gezawa, su sa ziyarar birni cikin tsarin kowace shekara. Ƙungiyoyin matasa su raba aiki, kowace mazaɓa ta tattara hotunan tsofaffin gine-ginenta da sana'o'inta da sunayensu. Iyaye su riƙe hannun 'ya'yansu su hau Dala tare. Wanda Allah Ya hore masa zuwa Rum ko Garanada ya je, zai fi fahimtar abin da ya gani in ya san nasa, kuma bayan Kano ga Gobarau a Katsina, ga Kusugu a Daura, ga masallacin Babban Gwani a Zariya, ga Hubbare a Sakkwato. Ɗan'uwa mai karatu, a fitarka ta gaba zuwa birni ka ware lokaci, ka nemi izini, ka ɗauki hoto, ka rubuta kwanan wata. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana.